Irin Zoɓon Iya

Idan watan Sha'aban na bana ya raba tsakiya, shekara huɗu ke nan da rasuwar kakata Iya, wadda ta haifi mahaifina. Sunanta, Hadiza, aka sa mini, shi ya sa a gidanmu da ke Karaye ba mai kirana da sunan yanka, Ummi kowa yake ce mini. Ita kaɗai take ce mini Takwara. Kowa a gidan yana da abin da yake tuna ta da shi. Baba yakan tuna yadda take tashinsa sallar asuba da bugun ƙofa har bayan ya yi aure. Gwaggo Asabe, ƙanwarsa, takan tuna kaifin bakinta. Ni kuwa da zoɓo nake tuna ta, domin a irin wannan lokaci ne, kafin a ga watan azumi, take fita zaɓen zoɓon da za a sha a gidanmu daga buɗa-baki na farko har zuwa Sallah.

Ni ba mai yawan magana ba ce. A aji ma sai malami ya kira ni sau biyu kafin a ji muryata. Abin da na kasa faɗa a tsakar gidanmu shi ne nake rubutawa a nan: irin zoɓon da Iya ta gada daga mahaifiyarta yana shirin ƙarewa a duniya, kuma abin da ya rage daga cikinsa yana cikin wani ƙaramin gwangwani a ƙasan akwatina.

Iya ba ta sayen zoɓon Sallah a kasuwa. Gida-gida take bi. Tun ina firamare take ɗora ni a gabanta a kan acaɓa, ta rungumo wata farar langa a cinya, mu nufi ƙauyuka. Wata rana Kwanyawa, wata rana mu miƙa har ƙasar Rogo, Ruwan Bago ko Rogo Ruma inda aka haife ta. A kowane gari tana da matan da ta san suna ajiye zoɓonsu bayan girbi ba su fitar da shi ba. In mun shiga gida, sai an gaisa an ƙare, an tambayi mai gida da yara da gajiya da masu jiki, an kawo ruwa an sha, an yi ta'aziyyar wanda ya rasu tun bara, kafin ta ce, kamar abin ya faɗo mata ne a rai, "Bana kuwa yakuwarku ta yi?"

Sai a shiga ɗaka a ɗebo mata a faifai. Takan tsinci guda ɗaya ta ɗaga shi a rana, ta shinshina, ta gutsura kaɗan ta ajiye a gefen harshe. Ba ta taunawa. Shiru take yi tana kallon ƙasa, kamar mai sauraren wani yana magana a bayan katanga. Daga nan ta jiƙa babban yatsanta ta murza ragowar a kan murfin farar langar nan, ta duba launin da ya bari. Na lura da wani abu da ban taɓa gaya wa kowa ba: in zoɓon bai yi mata ba, ba ta taɓa kushe shi. Cewa take yi, "Allah ya sa albarka," sai ta koma tambayar lafiyar jikoki. In kuwa ya yi mata, sai ta ce, "Wannan ya sha rana," ta miƙa buhunta. Matan ma sun gane. Na sha ganin fuskar mace ta ɗan canja da jin an sa wa zoɓonta albarka.

A wurinta kowane gari da halin zoɓonsa. Takan ce na Kwanyawa tsaminsa a gaba yake, yana shiga baki yake sanar da kansa, shi ya dace da Babbar Sallah, lokacin da maiƙon nama ya cika wa mutane ciki. Na Ruwan Bago ya fi duhu da nauyi, shi take so da buɗa-baki, domin ba ya yankar cikin mai azumi. Akwai kuma farin zoɓo da take nemo wa tsofaffin unguwa waɗanda jan yake sa wa haƙora sanyi. Ban sani ba ko masana za su yarda da wannan rabon nata. Ni dai na ga tana yi, na kuma ga ranar Sallah kowa ya san tulun da zai nufa.

Amma duk waɗannan rakiya suke yi. Uwar haɗin shi ne nata, wanda take shukawa da hannunta. A wajenmu tsakiyar gona ta maza ce, dawa da gero da gyaɗa. Iyakar gona kuwa, wannan siririn layi da ya raba gonar wani da ta wani, mata ake bar wa, su zuba yakuwa da kuɓewa da rama. A kan iyakar gonar Baba Iya take shuka nata. Irin ya fito ne daga Rogo Ruma, a cikin gora mahaifiyarta ta sako mata shi a kayan aure. Zoɓonsa ba shi da kyan gani. Ƙanana ne, baƙaƙe kamar an ƙona, sun manne wa kwansonsu ƙam, ga ƙaiƙayi. In ana ɓararsa yatsu sukan yi kwanaki suna zafi, kuma abin da za a samu a layi guda bai kai rabin na sauran mutane ba. Shi ya sa ba mai roƙonta irin. Sai dai in an jiƙa shi, tsaminsa ba ya zuwa sai bayan an haɗiye, ya taso a hankali daga maƙogwaro, tare da wani ƙamshi kamar na sabon tulu da aka fara zuba wa ruwa.

In lokacin cira ya yi, takan bi layin tana dubawa. Mafi yawa ta cire. Wasu tsirarun kuwa, waɗanda suka fi ƙarfi, sai ta yage tsumma daga tsohon zane ta ɗaura musu, ta bar su a tsaye har su bushe, har in iska ta kaɗa a ji suna ƙara kamar caki. Na ɗauka alama ce don kada yara su taɓa. Ban tambaya ba. Ina tsaye a bayanta da ƙwarya, ina kallon yadda take ƙulla tsumman sau biyu, amma ban tambaya ba, ita kuma ba mai bayani ba ce.

Cikin duk gidajen da muke zuwa, na fi son na Inna Dije a Ruwan Bago. Bafulatana ce, ƙawar Iya tun suna 'yan mata, kuma ita kaɗai ce ta taɓa karɓar irin Iya ta shuka. Tun daga zaure take jiyo muryarmu.

"Ga tsohuwa mai baƙin harshe nan ta zo cinye mana zoɓo da sunan ɗanɗano!"

"Ke rufa mana baki," in ji Iya. "Wanda bai san komai ba sai nono, me ya sani a tsami?"

"Nonon ne ya tsayar miki da ƙafafun da kike yawo da su. Takwarar Hadiza, zo nan ki sha fura, ki bar ta ta yi ta lasar faifai."

Haka za su yi ta yi har la'asar, sannan su rabu kowace tana share ido da gefen mayafi.

Ina ajin farko na sakandare, a makarantar kwana, Iya ta rasu. Zazzaɓi ne na 'yan kwanaki. An zo an ɗauke ni na yi kwana uku a gida, aka mayar da ni. Ban ƙara dawowa ba sai hutun Sallah. Ranar da na iso an yi tuwon dawa da miyar kuka, miyar ta yi daɗi ƙwarai, har na ƙara. Bayan na wanke hannu na shiga ɗakin Iya, wanda har lokacin ba a taɓa komai a ciki ba sai shara. Gorar irin tana nan a rataye a inda take. Na taɓa ta, na ji ba nauyi. Na girgiza, ba ƙara.

Na fito na tsaya kusa da Gwaggo Asabe, wadda ta zauna a gidanmu tun rasuwar tana taya Umma, mahaifiyata, hidimar baƙi. Na daɗe a tsaye kafin ta ɗago.

"Ummi, lafiya kika tsaya mini a ka kamar mai bin bashin gishiri?"

"Gwaggo, gurguzun da ke cikin gorar Iya fa?"

"Au, shi? Ai na yi daddawar batso da shi. Kin ga baƙi sun cinye mana daddawa kaf, ga gurguzu a rataye yana jiran ƙwari. Ba ita kika sha a miya yanzu ba?"

Na juya na kalli tukunyar miyar. Ta dube ni da kyau, ta ce, "Gurguzu ne fa, 'yar nan. In damina ta zo ko'ina akwai shi."

Ba na ganin laifin Gwaggo, har yau. Duk macen da ta san girki, in ta ga 'ya'yan yakuwa a gora, daddawa za ta gani. Ta dafa shi, ta daka, ta rufe shi ya ruɓa yadda ake yi, ta ciyar da masu zaman makokin uwarta. Da shi aka yi miya duk azumin nan. Ni ma na ci, har na ƙara. Abin da ya fi tsaya mini a rai ke nan.

Da damina ta sauka na sa rai da gyauro, wato waɗanda suke fitowa da kansu daga 'ya'yan da suka zube bara. Iyakar gonar ba ta taɓa rasa su ba. Amma a shekarar ne Baba da maƙwabcinsa suka fara feshin maganin ciyawa, domin 'yan ƙwadago sun yi wuya. Mai feshi ba ya bambance iyaka da tsakiya. Da na je a hutun damina, layin ya ƙone ƙurmus, ko ɗanyen ganye babu. Na gaya wa Umma ko za a aika Ruwan Bago a karɓo a wurin Inna Dije. Aka aika. Saƙon da ya dawo shi ne ƙafa ta hana ta zuwa gona tun shekara biyu, 'ya'yanta kuma sun koma shuka babban zoɓon nan mai faɗi da masu manyan motoci suke saye buhu-buhu. Wa zai tsaya ɓarar ƙanƙanin abu mai ƙaiƙayi?

Tun daga nan a kasuwa muke sayen zoɓon Sallah, ni da Umma. Ina yawan tunanin abin da Iya za ta ce da ta ga yadda ake yi yanzu. Zoɓo ya yi daraja, an ce har ƙasashen waje ake kai shi, kuma na san za ta yi murna da ganin matan ƙauye suna samun abin hannu da shi. Amma 'yan sari suna bin ƙauyuka tun yana gona, su haɗa na gabas da na yamma a buhu ɗaya. Bara na yi ƙarfin hali na tambayi wani mai awo na wane gari ne nasa. Ya yi dariya, ba da mugunta ba, ya ce, "Hajiya ƙarama, zoɓo ai ba shi da unguwa. Ja ne, ga shi nan." Na gutsura na ajiye a gefen harshe yadda take yi. Na ji tsami. Ban ji komai bayan tsamin ba, kuma ban sani ba ko zoɓon ne ba shi da shi ko harshena ne bai iya ba.

Ba zan ce komai na yanzu ya lalace ba. Iya tana son ƙanƙara kamar yarinya. Da ta ga firjin da Baba ya saya bayan rasuwarta, na tabbata da ta yi sallama da aikin binne tulu a jiƙaƙƙen yashi. Ina jin za ta yarda da ɓawon abarba, wataƙila har da kokwamba. Filebo ne dai na san ba za su shirya ba. Ita citta da kanumfari kawai take sawa, su ma kaɗan, takan ce in ƙamshi ya yi yawa to akwai abin da ake ɓoyewa. Yanzu ranar Sallah robobi ne cike da firji, masu zaƙi, masu sanyi, kowa yana sha yana yabawa. Ba wanda yake tambayar na wane tulu ne. Yaran da aka haifa bayan rasuwarta ba su san an taɓa yin tuluna uku ba.

Bara, gab da damina, rufin ɗakin Iya ya fara yoyo, aka ce a kwashe kayan a gyara. Ni aka ba wa wanke kwanoninta. A cikin wata kwalla da ke can ƙasan jere na sami ƙullin tsumma, a ciki akwai ɗan zoɓo da bai fi cikin tafi ba, ya yi fari-fari don tsufa, ba ya ko ƙamshi. Ina shirin zubarwa na ji wani abu ya yi ƙara. Guda biyu ko uku ba a ɓare su ba, kwansonsu yana ciki. Na fasa da farce. 'Ya'yan suka zubo a tafina, baƙaƙe, masu ƙwari.

Ban gaya wa kowa ba sai Umma. Ban kai su gona ba saboda feshi. A bayan gidanmu akwai ɗan fili inda ake zubar da toka, nan na tona na shuka, na kewaye da ƙaya. Kullum da safe sai na je na tsuguna. Iri ya tsufa, na sani. Kwanaki suka wuce ba komai, har na daina gaya wa Umma na je. Sannan guda ɗaya ya fito. Ɗaya tak, da jan kara siriri kamar tsinken tsintsiya.

Duk hutun damina a gindinsa na yi shi. Na cire masa tsutsa da hannu. Da ƙanena ya zo zai tsinki ganyen a kai wa Umma ta yi miya, na riƙe masa hannu da ƙarfin da ban san ina da shi ba, har ya yi kuka. Da zan koma makaranta na roƙi Umma ta riƙa dubawa, ta ce to, kuma ta duba iyakar iyawarta, ga girki ga goyo. Da na dawo hutun tsakiyar zango ya kai ƙirjina, ya yi fure ya zubar, ga zoɓo ya ɗaura, ƙanana, baƙaƙe, sun manne ƙam. Na tsaya a gabansa na rasa abin da zan yi da hannuwana.

Sai dai lokacin ya zo daidai da ƙarshen girbi. A garinmu duk damina awaki a turke suke, amma da an kwashe amfanin gona sai a sake su, su bi gari su bi gonaki suna kiwon kansu. Tun kafin a sake su ma wata ta tsinke igiya ta tura kai ta cikin ƙayar ta cinye reshe guda. Ana gobe zan koma makaranta na ji Baba yana cewa jibi za a saki dabbobi. Ba zan dawo ba sai ƙarshen zango. Na zauna na yi ta tunani. In na bar shi, awakin unguwa gaba ɗaya ne da shingen ƙaya da na yi da hannuna. In na ce Baba ya yi masa katanga, katanga saboda yakuwa guda ɗaya, ban san ta inda zan fara wannan magana ba. Da safe kafin mota ta zo na ɗauki ƙwarya na cire shi duka. Kwanson yana kore, da ƙyar na ɓare. 'Ya'yan ba su yi baƙi kamar waɗanda na shuka ba, ruwan ƙasa ne mai haske, wasu ma fari. Na ce a raina in sun bushe za su yi duhu. Na shanya su a kan akwatina a makaranta. Ba su yi duhu ba, sai ma suka ɗan motse.

A makon da ya wuce na zo gida hutu, Umma ta ce za ta Ruwan Bago gaida Inna Dije kafin azumi, domin an ce jikin ya matsa. Na ɗebi rabin zoɓon da na cira na jiƙa da ruwan zafi tun asuba, ban sa sukari ba, ban sa komai ba. Na fara kai wa Baba a kofi. Ya kurɓa, ya sake kurɓa.

"Irin na Iya ne, Baba?"

Ya daɗe yana kallon kofin. "Zoɓo ne mai kyau, Ummi," in ji shi. "Allah ya yi miki albarka." Na gane bai sani ba, kuma ba ya so ya yi mini ƙarya. Shekara arba'in da wani abu yana shan abin nan, amma kullum da sukari da citta, a cikin hayaniyar Sallah. Ni ma na kurɓa. Na ji kamar shi ne. Na sake kurɓa na ji kamar so nake ya zama shi. Shekara huɗu sun isa su sa harshe ya fara ƙirƙira.

Inna Dije tana kwance a kan tabarma a inuwar ɗaki. Idonta ya tafi, hankalinta kuma yana zuwa yana komawa. Umma ta gaishe ta ta faɗi sunanta da na Baba, ta amsa da ladabi irin na wanda bai gane ba. Surukarta ta ce haka take yini, wani lokaci tana kiran shanun da aka sayar tun tuni. Na ji kunyar fito da gorar robar da na riƙo. Umma ce ta karɓa ta zuba a moɗa, ta tallafo kanta.

"Inna, ga ɗan zoɓo Ummi ta kawo miki."

Ta kurɓa kaɗan. Ba ta haɗiye nan da nan ba, ta riƙe shi a baki. Sannan ta haɗiye. Can na ga maƙogwaronta ya motsa, ta ɗan ɗaga gira.

"Na Hadiza ne," in ji ta.

Ban san lokacin da na kama gefen tabarmar ba.

"Ita tsohuwa mai baƙin harshe ba ta iya zuwa da kanta ba, sai aike? Wa ta aiko? Takwararta ce?"

"Ni ce, Inna."

Umma ta dube ni, surukar ta dube ni. Ba wanda ya gyara mata.

Ta sake kurɓa, ta ɗan yamutsa fuska. "Amma ki ce mata bana ta yi gaggawa. Ɗanye ta cira, bai gama shan rana ba. Ita da take ɗaura wa na iri tsumma ta hana kowa taɓawa sai ya yi ƙara, me ya same ta?"

A nan ne na san amfanin tsumman.

Na kwance gwangwanin daga bakin mayafina, na zuba mata 'ya'yan kaɗan a tafi. Na ce, "Inna, wannan fa? Zai fito?" Ta murza su da yatsa. Ta kai ɗaya baki ta gwada da sauran haƙorinta, ya lotse ba tare da ƙara ba. Ta tofar a gefe.

"Wannan ba iri ba ne, 'yar nan, bai yi ƙwari ba. Kada ki wahalar da kanki." Ta mayar mini da sauran, ta dunƙule hannuna a cikin nata, tana lallashina. "Ki je ki ce ta ba ki na cikin gora. Tana da shi da yawa, rowa ce kawai irin tata."

Na ce to.

A hanyar dawowa, bayan mun wuce Rogo, Umma ta ce wataƙila a cikinsu akwai waɗanda suka ɗan nuna, tunda ba duka Inna ta gwada ba. Na zazzage su a faranti da muka iso gida. Akwai 'yan kaɗan da suka fi sauran duhu. Na ware su. Na tambayi malaminmu na aikin gona ba tare da na gaya masa dalili ba, ya ce irin da aka cira ɗanye wani lokaci yakan fito, galibi kuma ba ya fitowa, sai an gwada. Gwajin kuwa sai ruwa ya sauka, kuma sau ɗaya za a yi shi.

Ina ta auna abin da ya rage na Iya bayan shekara huɗu. Ɗakinta an gyara, yayana ne a ciki. Farar langar tana wurin Gwaggo, tana zuba goro. Sunanta yana kaina, amma ba mai kiransa. Mutum ɗaya da ta rage a duniya wadda harshenta ya san zoɓonta ba ta san ta rasu ba, kuma ba na jin za ta ga wani azumin bayan wannan. Sauran rabin zoɓon da na cira zan jiƙa shi ranar Sallah, in zuba a ƙaramin tulu in ajiye a gefen firji. Wanda ya sha ya sha. Ba zai kai kofi biyar ba, kuma ɗanye ne, an riga an gaya mini.

Allah ya jiƙan Iya, ya sanyaya makwancinta kamar yadda ta sanyaya maƙogwaron masu azumi shekara da shekaru. Masu karatu da suka kai nan, ina roƙon ku sa ta a addu'ar buɗa-baki. In kuma akwai wata a ƙasar Rogo ko Karaye da take da wani ƙanƙanin baƙin zoɓo mai wuyar ɓara a kan iyakar gonarta, wanda 'ya'yanta suke cewa ta daina wahala da shi, don Allah kada ta daina bana.

Gwangwanin yana ƙasan akwatina. A kusa da shi na ajiye wani tsumma da na yaga daga ƙullin da na samu a kwallarta, na ninke shi. Yanzu na san lokacin da ake ɗaura shi, na san sau biyu ake ƙullawa. Abin da zan ɗaura wa ne ban sani ba ko zai fito.